Hunturun da Yohanna Ya Zana 'Yar Tirela

Kwana uku ke nan dusar ƙanƙara tana zuba a Germantown, ni kuwa ina zaune cikin ɗaki da riga ɗaya mara nauyi, har ina rage hita don ɗumin ya yi mini yawa. Jiya da hantsi na ɗora tafin hannuna a gilashin taga, na ji ko alamar sanyi babu. Sai na tuna tagarmu ta Lanham, wadda ƙanƙara take daskarewa a jikinta ta ciki, sai na kankare da cokali kafin in ga ko gari ya waye. A 1985 ke nan. Ban ƙara ganin hunturu irin wannan ba, ko da yake har yau ban tantance ba ko sanyin ne ya fi tsanani, ko abin da ke cikin gidanmu.

Lokacin shekararmu shida a Amurka, ni da marigayi mijina Yohanna. Dukanmu 'yan Kafanchan ne. Ni nas ce, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Shi kafinta ne tun daga gida. Karatu ya kawo shi, karatun ya tsaya, ya koma wa zartonsa a wani shago da ke ƙera kabad na kicin. Mutum ne mai hannu. In ya haɗa katako biyu, sai ka shafa da yatsa ka rasa inda suka haɗu. Ba mu samu haihuwa ba tukuna, mu biyu ne kawai a ɗaki da falo, hawa na biyu.

Cikin watan Nuwamba, ranar da nake hutu, ya dawo da rana tsaka ɗauke da akwatin kayan aikinsa. Ya ajiye shi bayan ƙofa, ya ce aiki ya ƙare. Na tambaye shi ko rage ma'aikata aka yi, ya ce kusan haka ne. Mako bai zagayo ba ya ajiye mota ita ma, wai tsohuwa ce, ba ta son sanyi, gara ta huta. Da can shi yake kai ni aiki, don ban iya tuƙi ba. Na koma bin bas.

Daga nan sanyi ya sauka da ƙarfinsa. Injin da ke ɗumama ginin ya riƙa aiki kwana ɗaya ya mutu kwana biyu, mai ginin kuma ya daina ɗaukar waya. Muka liƙe tagogi da leda da salatif. In iska ta taso, ledar ta kumbura ta saɓe, ta kumbura ta saɓe, yini guda. Muka cusa tsofaffin tawul a ƙarƙashin ƙofa. Da safe abin da nake fara yi shi ne in kunna oban, wato tanderun gashi na kicin, in bar bakinsa a buɗe, in rataye yunifom ɗina a kujera a gabansa har ya ɗan yi ɗumi. Ruwan famfo yana yanka hannu. Leɓunana suka tsattsage, in na yi wa tsofaffina murmushi a wurin aiki sai in ji ɗanɗanon jini.

Abinci kuma ya koma na albashi ɗaya. Akwai wani garin alkama da Turawa ke damawa da safe, ni kuwa in tuƙa shi tuwo. Miya ta daskararriyar kuɓewa ce ta leda, da wuyan kaji da bayansu, waɗanda ba kowa ke saye ba. Wake ranar Talata da Juma'a. Da safe kunun gyaɗa, na shinkafa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba. Ba mu taɓa wuni ba mu ci ba, amma sanyi yakan cinye abin da na ci tun kafin in isa tashar bas, in tsaya ina karkarwa da ciki wayam.

Ana cikin haka, wata Asabar Yohanna ya dawo daga laburare da tsohuwar mujalla, ya buɗe mini wani shafi. Hoton wata 'yar tirela ce ta katako mai taya biyu, an ɗaura ta bayan mota. Ba ta kai tsayin mutum ba. Gabanta a kumbure, bayanta a tsuke, shi ya sa Turawa suke ce mata ɗigon hawaye. Cikinta katifa ce kawai ta mutum biyu, a bayanta kuma murfi, in an ɗaga sai ga ɗan wurin risho da tukwane. Ya ce irinta zai ƙera mana. Na yi dariya, na ce to Allah ya ba da sa'a, na koma wa wanke-wankena.

Ashe da gaske yake. Ya fara zane a teburin cin abinci. Da tebur ya yi masa kaɗan, ya tattara buhunan takarda na kantin sayayya, ya yayyanke su, ya liƙe su wuri ɗaya, ya shimfiɗa a falo daga bango zuwa bango. Ya ce yana so ya zana ta daidai girmanta. Kujerunmu suka koma jikin bango. In zan shiga kicin sai na bi gefe-gefe ina ɗaga ƙafa. Wata rana ya sa ni na kwanta a kan takardar, shi ma ya kwanta kusa da ni, don ya ga ko faɗin ƙafa huɗu zai ishe mu. Ina kwance da rigar sanyi da safa biyu, ina kallon silin, raina a ɓace, shi kuwa yana ta maganar inci.

Neman aiki dai bai yi ba. In na kawo masa jarida na nuna masa inda ake neman kafinta, sai ya karɓa ya ajiye. Fitarsa kawai ita ce in ya bi Alhaji Issaka, maƙwabcinmu na hawan ƙasa, wani dattijo ɗan Kumasi mai garejin gyaran motoci. Su tafi inda ake tara matattun motoci, wai suna neman gindin ƙarfe da tayoyin da za a ɗora tirelar a kai. A coci wata mata ta ja ni gefe, ta tambaye ni cikin raɗa ko Yohanna ya fara sha ne, don ta ga ya yi karo da benci. Na ce mata bai taɓa kai kwalba bakinsa ba. Amma a hanyar gida na yi ta saƙe-saƙe. Wata zuciyar ta ce mini kansa ne ya taɓu. Wata ta ce mutumin da ke zana ɗaki mai taya, ai tafiya yake shirin yi.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne ni nas ce, kuma komai a gabana ya faru. Ya bar fensir ya koma wani jan alƙalami mai kaurin baki. Ya jawo fitilar gefen gado ya ajiye a ƙasa da rana tsaka. Kafaɗarsa ta hagu kullum tana bugun bakin ƙofa. In na shigo ta gefensa sai ya firgita. Yakan miƙo mini tef ɗin awo ya ce in karanta masa, hannunsa ya yi sanyi. Duk na gani, na ɗauka shiririta ce ta mutumin da zaman gida ya lalata.

Ranar da abin ya fashe, cikin Janairu ne, ranar da ta fi kowace sanyi. Bas bai zo ba. Wata abokiyar aikina ta sauke ni a babban titi, na ƙarasa da ƙafa. Iska tana shiga har cikin haƙorana, gashin hancina ya daskare, tun a rabin hanya na daina jin yatsun ƙafata. Na iso wajen ƙarfe biyar na yamma. Na tarar oban a kashe, waken da na jiƙa na ce ya ɗora yana nan cikin ruwansa, ƙanƙara ta fara kama samansa. Shi kuwa yana durƙushe a kan takarda, yana gyara lanƙwasar rufi.

Ban cire takalmi ba. Na bi ta tsakiyar zanen da takalman da suka jiƙe sharkaf, takardar tana yagewa a ƙarƙashina. Na ce masa ni ina can ina wanke kashin iyayen wasu, shi yana nan yana zanen ɗakin 'yar tsana. Na ce in tafiya zai yi ya tafi da ƙafarsa, ba sai ya ƙera mata taya ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Ƙafata ta shuri jan alƙalamin nan, ya gangara ya tsaya dab da gwiwarsa ta hagu.

Ya sa hannu yana laluben ƙasa. Ya laluba gabansa, ya laluba dama, ya sake komawa gaba. Alƙalamin yana nan, ja wur a kan takarda, tsakaninsa da gwiwarsa bai kai taƙi ɗaya ba, fitila tana haska shi. Na tsaya ina kallonsa yana nema, sai na ji maganar ta mutu a bakina.

Na durƙusa a gabansa, na ce ya kalli hancina kada ya motsa ido. Na ɗaga yatsu biyu a gefen kunnensa na hagu, na tambaye shi nawa ne. Bai gan su ba. Na matso da hannun, na ƙara matsowa, sai da ya zo kusan gaban fuskarsa sannan ya ce biyu.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun Oktoba likita ya gaya mini."

A nan, a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ya ba ni labarin. Ruwan cikin idanunsa ne ya yi yawa, ya daɗe yana danne jijiyar gani ba tare da ciwo ba. Na hagu ya kusa tafiya, na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu. A shago ba korarsa aka yi ba. Mai shagon ne ya fizge masa hannu daga bakin injin zarto, suka kalli juna, shi da kansa ya tattara kayansa. Maganin ɗigawar da aka ba shi yana ɓoye a akwatin kayan aiki, ƙarƙashin guduma. Na tambaye shi dalilin da ya sa ya ɓoye mini. Ya ce shi ya ɗauko ni daga gaban mahaifina ya kawo ni ƙasar da ba mu da kowa, bai san da wane baki zai ce mini na zama 'yar jagora ba.

Na ce to ita wannan aba fa, ta mece ce?

"Saratu, shekara shida ina ƙasar nan, ban ga komai ba sai hanyar shago da hanyar coci. An ce akwai duwatsu a yamma da mu, akwai teku a gabas. Ina so in gan su. Kuma ina so in ƙera abu ɗaya na ƙarshe da idona, wanda ba na wani ba."

Zan so in ce na rungume shi. Ban yi ba. Na tashi na ɗora wake, na tsaya gaban murhu. Kwana biyu ban yi masa magana ba sai ta dole. Da na gane cewa Alhaji Issaka ne ya kai shi wurin likitan, kuma ya sani tun farko, shi ma na rage masa gaisuwa. Dattijon ya tare ni a matakala, ya ce amana aka ba shi, amma babu makon da bai ce wa Yohanna ya gaya mini ba. Na ce, "Baba Alhaji, wata uku ina zagin makaho a zuciyata." Ya sunkuyar da kai.

Na kai Yohanna wurin wani likitan ta hanyar wata da muke aiki tare. Maganarsu ɗaya. Abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage ana iya jan kwanansa, amma ba wanda zai ce har yaushe. Aka ƙara masa magani. Na fito da kwalaben daga ƙarƙashin guduma na jera su a kan firji, na zama ni ke ɗiga masa safe da yamma. Sai na cusa hannuwana a hammata sun yi ɗumi kafin in taɓa masa fatar ido.

A rana ta uku bayan faɗan nan na dawo daga aiki da sabbin buhunan takarda. Na yayyanke su, na liƙe inda na yaga. Ba mu yi maganar ba. Ya miƙo mini tef, na karanta masa.

Haka muka ci sauran hunturun, a durƙushe a falo, bargo ɗaya a kafaɗunmu, oban a buɗe yana hura mana ɗan abin da zai iya. Na sayi littafin rubutu, duk awon da ya faɗa in rubuta. Ya koya mini yadda ake lanƙwasa siririn katako a kan ƙusoshi don a fitar da layin rufi. Na ga inda ya ware wa tukwane, na ce tukunyar tuwona ba za ta shiga nan ba, muka yi musu, ya ƙara inci uku. Na ce a yi ƙofa biyu, kowa da tasa, don kada ya riƙa tsallake ni yana lalube. Ya ce in rubuta.

Abin da ya fi damunmu shi ne ba halin a fara. Alhaji Issaka ya samo gindin ƙarfen, ya kuma ce ga lungu ɗaya a garejinsa, amma garejin ba ɗumi, gam kuwa ba ya kamawa cikin sanyi. Yohanna ya gwada da guntayen katako biyu, washegari ya ɓalle su da yatsa. Dole a jira Maris. Gam yana jiran ɗumi, idon kuma ba ya jiran komai. Kullum da safe in na kankare tagar, yakan tsaya ya kalli gidajen da ke tsallaken titi. A Janairu yana ganin gida biyu ba tare da ya juya kai ba. A farkon Fabrairu gida ɗaya da rabi. Ba ya faɗa sai na tambaya. Daga baya na daina tambaya.

Ya fara haddace awon. Ina wanke-wanke sai in ji shi yana maimaitawa a hankali, tsawon daɓe kaza, tsayin bango kaza, daga taya zuwa ƙofa kaza. Wata rana ya ce in adana littafin nan da kyau, don in abin ya zo da wuri ni zan riƙa karantawa shi yana ji. Na jefar da littafin bayan kujera, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni. Da na fito ya riga ya laluba ya ɗauko shi, ya ajiye a tebur.

Ranar Lahadi bayan coci kuma Alhaji Issaka ya riƙa koya mini tuƙi a filin ajiye motoci na wani kanti. Ƙasa duk santsi, motar tana zamewa, ni ina salati irin namu, shi yana nasa. Hausarsa ta Kumasi ba ta raba mace da namiji, "kai" yake ce mini, kai taka birki, kai saki sitiyari. Yohanna yana zaune a baya, hannunsa a kafaɗata. Shi da ya yi shekara shida yana tuƙa ni, bai taɓa sa baki ba.

Maris ya zo da taɓo. Dusar da ta taru a gefen titi ta narke ta zama baƙin ruwa, rufin gidaje yana ɗiga yini guda. Muka cire ledar taga ɗaya. Ranar Asabar ta uku muka naɗe takardar muka tafi gareji, inda falankin filawud, faffaɗan katako mara kauri, suke jingine suna jiranmu. Muka kwafe layin a kan na farko. Yohanna ya ɗauki ƙaramin zarto, ya daidaita shi, ya fara yanka. Inda layin yake miƙe ya tafi lafiya. Da ya zo lanƙwasa sai zarton ya bar layi, ya ci gaba da barinsa, shi bai sani ba. Alhaji Issaka ya kalle ni, na kalle shi. Na ce, "Maigida, ka fita." Ya tsaya. Ya shafa yankan da yatsa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya miƙo mini zarton, ya zagayo bayana, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ni ke ganin layi, shi ke sanin nauyin da za a danna. Yankan bai yi kyau ba. Har tirelar ta tsufa ƙofar hagu ba ta taɓa rufuwa sai an ɗaga ta kaɗan.

Sai Yuli muka gama, don ranakun hutuna kawai muke yi. Goge katako da haɗa shi kuwa bai bar wa kowa ba, wannan da yatsa yake yinsa, kuma yatsun ba abin da ya same su. Muka ce duwatsu bana, teku baɗi. Baɗin ta zo, na kai shi tekun, amma sai dai ya ji ƙararsa ya taɓa ruwan.

Duwatsun dai mun je, cikin Agusta. Ni na tuƙa, tirelar tana rangaji a bayanmu, motoci suna yi mini ham suna wuce ni tun daga Manassas. Da muka fara hawa, hannuwana suka jiƙe da gumi a kan sitiyari. Na tsaya a wani wuri da aka tanada don masu kallo, inda ƙasa take buɗewa a ƙarƙashinka, gonaki da kogi da duwatsu jere bayan jere har su ɓace cikin shuɗi. Na kama hannunsa na kai shi bakin katangar dutse. Na fara gaya masa abin da ke wurin, ya ce in bari.

Ya fara daga dama. Ya tsayar da kansa wuri ɗaya, ya daɗe, sannan ya matsar da shi kaɗan, ya sake tsayawa. Haka yake ɗiban wurin guntu-guntu ta ɗan bututun da ya rage masa. Mutane suka zo, suka ɗauki hoto, suka tafi, wasu suka zo. Na ɗaga murfin baya, na kunna risho, na ɗumama shinkafa, har ta huce. Rana ta karkata. Na je na ce masa abinci ya sake yin sanyi, ga hanya da nisa, ni kuma ban iya tuƙin duhu ba.

Bai juyo ba. Ya ce, "Ki ɗan ƙara haƙuri, Saratu. Saura wancan gefen."

Na koma na zauna a kan ƙarfen tirelar, na rufe tukunyar, na jira shi.